Labarin Stephen Wilcox, Maƙerin Tukunyar Tururi

A cikin maƙeran Amurka akwai wani wanda ba mu cika jin sunansa a aji ba, alhali kuwa ya tsirar da rayuka masu yawa. Shi ne Stephen Wilcox. An haife shi a garin Westerly, a Jihar Rhode Island, cikin shekarar 1830.

A zamaninsa tururi shi ke jan jirgi, shi ke juya injin masaƙa. To, amma tukunyar da a ke dafa ruwan abar tsoro ce ƙwarai. Ƙatuwar ganga ce ta ƙarfe cike da ruwa, wuta na ratsa ta. In ƙarfen ya tsage, wani sashe na ruwan nan sai ya rikiɗe tururi nan take, ya watsa tukunya da duk wanda ke kusa. Haka ta faru a 1865, sa'ad da tukwanen jirgin Sultana suka fashe a Kogin Misisipi, fiye da mutum 1,000 suka halaka, galibinsu sojoji ne da aka sako daga bursuna, suna komawa gida.

Tun 1856 Wilcox ya juya al'amarin. Ya sa ruwa cikin bututu ƙanana masu yawa, a karkace, wuta kuwa tana lasarsu daga waje. Ruwan da ya yi zafi ya hau, mai sanyi ya gangaro, suna ta kewayawa. Ƙaramin bututu ya fi ganga jimiri, in kuma guda ya fashe, ɓarnar ba ta kai ta da ba. Mu dai a ganinmu dabarar ba wuya, amma kafin a gano ta an sha makoki. Tukunyarsa ta fari tana da aibi, gama bututunta tanƙwararru ne, ba su wankuwa.

A 1867 ya haɗa kai da abokinsa na ƙuruciya, George Babcock, suka gyara ta, suka kafa kamfanin Babcock da Wilcox. Da Thomas Edison ya buɗe gidan wutar lantarki na titin Pearl a birnin New York a 1882, tukwanensu ya sa.

Wilcox bai manta da mahaifarsa ba, ya ba da dukiya aka gina ɗakin karatu a Westerly. Ya rasu ran 27 ga Nuwamba, 1893. Bayan kwana 19 Babcock ya bi shi.