Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shekarun Faɗuwar Kasuwa

An haifi Abubakar a garin Tafawa Ɓalewa, cikin Lardin Bauchi, a 1912. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, ba basarake ba ne. Yaron ya yi karatun allo, ya shiga makarantar ƙauyensu, ya wuce ta Bauchi, a 1928 kuma aka ɗauke shi Kwalejin Katsina.

Yana can kasuwar duniya ta karye. Abin ya faro daga Amurka a 1929, bai daɗe ba ya iso nan. Kuɗin gyaɗa da na auduga suka faɗi ƙasa warwas, haraji ya yi wa talakawa wuyar biya. A 1931 ƙasashen da ke haƙar kuza suka yi shawara su rage abin da suke fitarwa, sai aka sallami lebura da yawa a ƙasar Jos. Gwamnati ta tsuke bakin aljihunta, ta rage ma'aikata, En'e-en'e kuma suka bi sawu. A cikin wannan hali ne Malam Abubakar ya ƙare kwaleji a 1933, aka ba shi koyarwa a Midil ta Bauchi.

Malami da yawa in ya sami aiki a irin wannan lokaci, sai ya gode Allah ya naɗe littattafansa, tun da babu ƙarin albashin da zai sa rai gare shi. Shi bai yi haka ba. A shekarar da ya fito, Mista East na Ofishin Fassara a Zariya ya nemi malamai su rubuta labarai da Hausa. Malam Abubakar ya rubuta Shaihu Umar, aka buga shi a 1934, har yau ana karanta shi. Turanci kuwa, wanda shi ne babban darasinsa, ya yi ta gyara shi, yana karatu, yana kula da lafazi, har ya zamana in yana magana Turawa da kansu sai su kasa kunne. A ganina wannan ne jarinsa na gaskiya, gama ba shi da gādon sarauta ko na dukiya da zai dogara da shi.

Ya yi karatu da kansa bayan tashi daga aiki, ya ci jarrabawar manyan malamai. A zamanin Yaƙin Hitila aka ba shi shugabancin makarantar. Da aka tashi zaɓen malaman Arewa da za a aika Jami'ar Landan koyon aikin ilmi, babu wanda ya yi mamaki da aka ga sunansa. Ya tafi a 1945, ya komo a 1946, ya zama mai duba makarantun En'e ta Bauchi, a shekarar kuma ya shiga Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa.

A majalisar nan ne, a 1950, ya kawo shawarar a gyara tsarin mulkin En'e, har da horar da ma'aikatanta. Maganar ba ta yi wa waɗansu manya daɗi ba, amma Gwamnati ta sa aka bincika.

Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, Firayim Minista a 1957, shi ne kuma ya karɓi mulkin kan Nijeriya ran 1 ga watan Oktoba, 1960. Sojoji suka kashe shi a juyin mulkin watan Janairu, 1966, aka binne shi a Bauchi. Allah Ya jiƙansa, amin.