Tunawa da Marigayi Bala Miller, Mawaƙin Zamani na Garin Kaduna

Duk ɗan Hayin Banki da ya yi wayo a shekarun 1980 ba zai rasa tuna muryar Bala Miller ba, ko dai a rediyo, ko kuwa a shirinsa na talabijin ɗin NTA, wato Bala Miller Show, wanda akan taru a gidan mai akwati domin kallonsa. A wancan zamani mun saba da kalangun Shata da kuntigin Ɗanmaraya. Shi kuwa wannan bawan Allah sai ya zo mana da kakakin Turawa da jita da ganguna na zamani, ya ɗora musu Hausa tsantsa, ta kuma zauna daram.

An haifi Bala Miller a garin Pankshin, cikin Jihar Filato ta yanzu, a shekarar 1928. Mahaifinsa limamin coci ne daga ƙasar Zazzau, yana cikin Hausawan farko da suka karɓi addinin Kirista. Aiki ya kai mahaifin Lakwaja, inda yaron ya fara taɓa kayan busa a ƙungiyar kiɗan makaranta. Daga nan ya wuce makarantar sakandaren CMS da ke Ikko, ya yi cuɗanya da gwanayen kiɗan hailaif irin su Victor Olaiya, ya kuma ƙware wajen busa da tsara waƙa.

Aikin kamfanin Nigerian Breweries ne ya kawo shi Kaduna a shekarun 1950. Ya daɗe yana aikin ofis, amma zuciyarsa tana ga kiɗa. A zamanin Gwamna Audu Baƙo an gayyace shi Kano domin kafa makarantar koyar da kiɗa. A shekarar 1977, wadda aka yi bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, har Kaduna ta karɓi baƙuncin gagarumin hawan daba, ya kafa ƙungiyarsa mai suna Great Music Pyrameeds of Africa. Sunan yana tuna mana da dalar gyaɗa, alamar arziƙin Arewa. Ya tara matasa daga ƙabilu dabam-dabam, Musulmi da Kirista, ya koya musu sana'a.

Fitacciyar waƙar da ya ɗauka a faifai ita ce Ikon Allah, waƙa mai ratsa zuciya da ke jan mai sauraro ya yi tunani a kan ƙudurar Ubangiji. Ba maroƙi ba ne, bai gaji kiɗa ba, bai kuma dogara da kyautar fada ba. Wannan ne ya ba shi damar yin waƙa domin kowa da kowa, har ta shiga gidan malami da na fasto ba tare da an tambayi addinin mai ita ba. Ya rasu a shekarar 2003.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne makomar wannan gado. A shekarar 2001 wani kamfanin faifai na Ingila ya saka Ikon Allah cikin tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70, ta zagaya duniya. Baƙi sun adana abin da mu masu shi muka bar wa ƙura. Faifan garmaho da kaset-kaset na iyayenmu suna ruɓewa a cikin akwatuna, 'ya'yanmu da ke tasowa a Abuja da Ikko kuwa da yawansu ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Don haka muna kira ga 'yan uwa, duk mai tsohon faifai ko kaset na Bala Miller da tsararrakinsa ya kawo wa ƙungiya idan ya zo ganin gida, a kwafe shi a kwamfuta, a mayar masa da abinsa. Garin da ya ɗanɗana ɗacin rabuwar kai kamar Kaduna yana da bukatar yaransa su san cewa an yi zamanin da waƙa ɗaya ta ishi kowa.