Glenn Seaborg: Masanin Da Ya Gano Fulutoniyam Da Sharar Da Ta Biyo Baya

A gefen kogin Kolambiya, a jihar Washinton da ke arewa maso yammacin Amurka, akwai wani makeken fili mai suna Hanford inda aka binne manyan tankuna 177 a ƙarƙashin ƙasa. A cikinsu akwai fiye da lita miliyan 200 na sharar nukiliya, wato ragowar ruwa da laka masu fitar da tururi mai guba wanda ido ba ya gani. Masana'antar da ta tara wannan shara ta daina aiki shekaru da dama da suka wuce, amma har yau injiniyoyin sinadarai suna fama da abin da ta bari. Duk wanda ya bi diddigin labarin, zai iske ya kai shi wani ƙaramin ɗaki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda wani matashi ɗan shekara 28 mai suna Glenn Theodore Seaborg ya kwana yana gwaji. Ilimin da ya shimfiɗa shi ya buɗe ƙofar wannan matsala, kuma da shi ake neman maganinta a yau.

Haihuwa da neman ilimi

An haifi Seaborg ranar 19 ga Afrilu, 1912, a Ishpeming, wani ƙaramin garin masu haƙar tama a jihar Mishigan. Mahaifinsa makanikin injina ne, mahaifiyarsa Selma kuwa daga ƙasar Suwidin ta yi ƙaura, don haka da harshen Suwidin ya fara buɗe baki. Yana da shekara goma iyalin suka koma kusa da birnin Los Angeles. Bai nuna sha'awar kimiyya ba sai da ya yi nisa a sakandare, inda wani malami mai suna Dwight Logan Reid ya cusa masa son ilimin sinadarai. Ya kammala a 1929 a sahun gaba na ajinsu, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Da dako a rumbunan ajiya da aikin shirya 'ya'yan itatuwa da taimaka wa masu gwaje-gwaje ya riƙe kansa har ya sami digirin farko a Los Angeles. Daga nan ya wuce Berkeley, inda ya karɓi digirin digirgir a 1937.

A wancan lokaci Berkeley na da abin da sauran jami'o'i ba su kai ta ba, wato na'urar saikulotiron da Ernest Lawrence ya ƙirƙiro. Aikinta shi ne harba ƙananan ƙwayoyi da matsanancin gudu su daki wani abu, har su sauya cibiyar ƙwayar zarrarsa. Masana kimiyyar lissafi da makamashi su ke yin harbin, amma sai an sami gwanin sinadarai kafin a tantance abin da aka samu. A nan Seaborg ya yi fice. Shi da John Livingood suka samar da aidin-131 da kobal-60, shi da Emilio Segrè kuma suka gano teknetiyam-99m a 1938. Har gobe asibitocin duniya suna amfani da waɗannan wajen gano cututtuka da gasa ciwon daji. Bayan shekaru, aidin-131 ɗin da ya samar na cikin abin da aka yi wa mahaifiyarsa magani da shi, lokacin da ciwon maƙoƙo ya kama ta.

Sinadari na 94

Kafin 1940, yuraniyam mai lamba 92 shi ne ƙarshen jadawalin sinadarai. A wannan shekara Edwin McMillan da Philip Abelson suka gano na 93, neftuniyam. McMillan ya fara farautar na gaba, sai aikin yaƙi ya ɗauke shi daga Berkeley. Seaborg ya ci gaba tare da Joseph Kennedy da ɗalibinsu Arthur Wahl. Sun daki yuraniyam da ƙwayoyin haidurojin mai nauyi, kuma a daren 23 ga Fabrairu, 1941, a ɗaki mai lamba 307 na ginin Gilman, suka tabbatar cewa sun sami sinadari na 94. Suka raɗa masa suna fulutoniyam, daga sunan duniyar Fuluto, kamar yadda yuraniyam da neftuniyam suka samo nasu daga Yuranos da Neftun. Bayan wata guda suka nuna cewa nau'insa mai lamba 239 yana tsagewa ya saki makamashi mai yawa. Ma'anar haka a fili take, za a iya yin bam da shi. Saboda Yaƙin Duniya na Biyu na ci, aka rufe labarin, ba a buga shi ba sai bayan yaƙi.

Ranar da ya cika shekara 30 ya sauka a Shikago domin jagorantar wani sashe na shirin asiri na ƙera bam ɗin nukiliya. A watan Yunin wannan shekara ta 1942 ya auri Helen Griggs, sakatariyar Lawrence, wadda suka zauna tare har ƙarshen ransa. Aikin da aka ɗora masa shi ne gano yadda za a tace fulutoniyam daga yuraniyam da aka gasa a tukunyar nukiliya. Abin da ake nema bai wuce 'yan ɗaruruwan giram a cikin tan guda ba, kuma yana cakuɗe da wasu sinadarai masu tururin da ke kisa. Ga shi kuma babu wanda ya taɓa ganin fulutoniyam da idonsa. Sai a watan Agustan 1942 mutanensa biyu, Burris Cunningham da Louis Werner, suka ware ɗan ƙwayar da ake iya gani da madubin ƙara girma. Wanda suka fara aunawa a watan Satumba bai kai kashi uku cikin miliyan na giram ɗaya ba.

Da irin wannan ɗan mitsitsin abu aka tsara masana'anta. Stanley Thompson, abokin Seaborg tun daga sakandare, ya gano cewa wani gishiri mai suna bismut fosfet yana kama fulutoniyam ya kwanta da shi a ƙasan ruwa. Kamfanin DuPont ya ɗauki wannan dabara ya ninka ta kusan sau biliyan a Hanford, cikin dogayen gine-gine masu kaurin bangon kankare, inda ma'aikata ke sarrafa komai daga nesa. Tacewa ta fara a ƙarshen 1944. Fulutoniyam ɗin Hanford shi aka gwada a hamadar New Mexico ranar 16 ga Yuli, 1945, kuma shi aka jefa wa birnin Nagasaki na Japan ranar 9 ga Agusta, dubun dubatar mutane suka halaka. Wata biyu kafin nan, Seaborg na cikin masana bakwai da suka sa hannu a Rahoton Franck, wanda ya shawarci gwamnati ta nuna ƙarfin bam ɗin a wurin da babu jama'a, ya kuma yi gargaɗin cewa amfani da shi zai haifar da tseren makamai. Gwamnati ba ta bi shawarar ba.

Gyaran jadawali

Tun ana cikin yaƙi, neman sinadarai na 95 da 96 ya gagari Seaborg da mutanensa. A 1944 ya fahimci cewa kuskuren daga jadawalin ne, domin an ajiye sinadarai masu nauyi a gurbin da bai dace da halayyarsu ba. Ya kawo shawarar a ware su, daga lamba 89 zuwa sama, a jera su a layi na daban a ƙasan jadawali, ƙarƙashin dangin lantanaid da suke kama da su. Abokan aiki suka ja masa kunne cewa zai zubar da mutuncinsa, bai fasa ba. Da aka bi sabon tsarin sai aka sami amerisiyam da kuriyam. Wannan layi, da ake kira dangin aktinaid, yana nan a kowane jadawalin sinadarai da ke rataye a ajin sakandare. Jimilla Seaborg na da hannu a gano sinadarai goma da kuma nau'o'i fiye da ɗari. A 1951 shi da McMillan suka karɓi lambar yabo ta Nobel a birnin Stockholm, ƙasar mahaifiyarsa.

Shekara goma a kan mulki

Bayan ya shugabanci jami'ar Berkeley daga 1958, Shugaba John Kennedy ya naɗa shi shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Amurka a 1961, ya kuma riƙe muƙamin har 1971, a zamanin shugabanni uku. Lokaci ne da gwajin bama-bamai a sararin sama ya tayar da hankalin duniya. A farkon wannan shekara ta 1961 Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa saboda gwaje-gwajen da take yi a hamadar Sahara. Seaborg ya mara wa yunƙurin hana irin wannan gwaji baya, kuma yana cikin tawagar Amurka a Mosko ranar 5 ga Agusta, 1963, da aka sa hannu kan yarjejeniyar hana gwaji a sama da sararin samaniya da ƙarƙashin ruwa. Ya kuma yi aiki a kan yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968.

Sai dai hukumar tasa na ɗauke da nauyi biyu masu karo da juna: ita ke tallata makamashin nukiliya, ita ce kuma ke sa masa ido. Seaborg ya yi imani ƙwarai cewa nukiliya za ta wadata duniya da lantarki, kuma masu suka sun ce wannan ɗoki ya sa aka yi sakaci da batun lafiya da shara. Cikin masu sukar har da tsohon ɗalibinsa John Gofman, wanda ya ce adadin tururin da hukuma ta amince jama'a su sha ya yi yawa. A 1970 hukumar ta zaɓi wata tsohuwar mahaƙar gishiri a Lyons, jihar Kansas, domin binne shara, amma aka watsar da shirin bayan shekara biyu, da aka gano tsofaffin rijiyoyin mai da ka iya shigar da ruwa wurin. 'Yan shekaru bayan saukarsa, majalisar dokoki ta rushe hukumar ta raba ayyukan nata biyu.

Abin da aka bari a tankuna

Dabarar bismut fosfet fulutoniyam kaɗai take cirewa. Duk sauran, har da yuraniyam, tankuna ake turawa, bayan an zuba masa sinadarin kashe tsami don kada ya ci ƙarfe, abin da ya ƙara masa yawa. An gina tankunan farko a matsayin ma'ajiyar wucin gadi, masu bango ɗaya. Daga cikin 149 irin waɗannan, ana zargin sama da 60 sun yi yoyo. A 1973 tanki ɗaya ya zubar da fiye da lita 400,000 cikin ƙasa. Akwai kuma wata barazanar. Tururin nukiliya yana fasa ruwa ya saki iskar haidurojin, wadda ke kama wuta cikin sauƙi. Wani tanki mai lamba SY-101 ya shafe shekaru yana tara wannan iska a cikin laka yana amayar da ita lokaci zuwa lokaci, sai a 1993 aka saka masa famfon da ke dama lakar domin iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Iskar da ke zama haɗari a tanki ita ce kuma injiniyoyi ke nema a wani fagen, inda ake binciken amfani da zafi da lantarkin tukunyar nukiliya wajen raba ruwa a sami haidurojin domin taki da man masana'antu ba tare da hayaƙi ba.

Maganin sharar ma daga gidan Seaborg ya faro. Mutum biyu daga sashensa na Shikago, Herbert Anderson da Larned Asprey, su suka ƙirƙiro hanyar PUREX, wadda ke narkar da makamashin da aka gama amfani da shi a ruwan asid, sannan ta janye yuraniyam da fulutoniyam da wani sinadari da aka gauraya da kananzir. Da ita Faransa ke sake sarrafa makamashinta a La Hague. Ragowar kuwa ana narkar da shi tare da gilashi a zuba a tulunan ƙarfe ya daskare, yadda ruwa ba zai wanke shi cikin sauƙi ba. Faransa ta fara haka a Marcoule a 1978, Amurka kuma a Savannah River a 1996. Masana'antar gilashi ta Hanford an fara gina ta a 2002, kuma an shafe fiye da shekara ashirin ana aikinta.

Abin da ya fi wahala shi ne tsawon lokaci. Sinadaran siziyam-137 da sitirontiyam-90, waɗanda suka fi zafi a farko, rabinsu na ƙarewa duk bayan kimanin shekara 30, don haka cikin 'yan ƙarnoni za su lafa. Amerisiyam-241 kuwa sai ya yi shekara 432 kafin rabinsa ya ƙare, fulutoniyam-239 kuma kimanin shekara 24,100. Haɗarin da zai daɗe yana tattare ne da dangin aktinaid, 'ya'yan gidan Seaborg. Shi ya sa masu bincike ke ƙoƙarin ware su daga sauran shara a ƙona su a tukwane na musamman, su koma abubuwa masu gajeren rai. Babban cikas shi ne raba amerisiyam da kuriyam daga dangin lantanaid, saboda kamannin nan da Seaborg ya gano a 1944.

Ƙarshen rayuwa

Ya koma Berkeley a 1971 ya ci gaba da bincike da koyarwa, har da ɗaliban shekarar farko, ya kuma zama mai fafutukar gyaran ilimin kimiyya a makarantu. A 1997 ƙungiyar masana sinadarai ta duniya ta amince a sa wa sinadari na 106 sunansa, siborgiyam, kuma shi ne mutum na farko da aka yi wa haka a hukumance yana raye. Tun 1927 yake rubuta abin da ya faru da shi kowace rana, bai daina ba sai da shanyewar ɓarin jiki ta same shi a Boston cikin Agustan 1998, yana halartar taron masana sinadarai. Ya rasu a gidansa da ke Lafayette, Kalifoniya, ranar 25 ga Fabrairu, 1999, yana da shekara 86.

Wata guda bayan rasuwarsa, motar farko ɗauke da shara mai ɗauke da fulutoniyam ta isa wata ma'ajiya kusa da Carlsbad a New Mexico, wadda aka haƙa cikin dutsen gishiri a zurfin mita 655. Ita ce ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa ta farko da Amurka ta buɗe domin irin wannan shara, shekara 58 bayan daren da aka tabbatar da sinadari na 94 a ɗaki mai lamba 307.