Muhammadu Bello Mai Wurno, Uban Masu Hijira

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a wannan fitowa muna so mu tunatar da ku labarin wani bawan Allah wanda ya rasa garinsa, sa'an nan ya kafa wa dubban baƙi gari.

Shi ne Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗan Ahmadu, ɗan Atiku, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansu. A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas, jama'a suka bi shi, maza da mata. Turawa suka riske su a Burmi, ƙasar Gwambe, inda ya yi shahada ran 27 ga Yuli na shekarar.

Mai Wurno ya tattara waɗanda suka tsira, marayu da matan da mazansu suka faɗi, ya ci gaba da su ta ƙasashen Cadi. Sai a 1906 suka isa Sudan, suka sauka a bakin reshen Nilu da Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, kusa da Sinnar. Nan ya tarad da jarrabawa mai nauyi, domin ita ma Sudan tana hannun Ingila, waɗanda suka kashe mahaifinsa. Ya danne zuciyarsa, ya zauna da hukuma saboda jama'arsa, har aka ba su ƙasar noma. Garin da suka kafa ya ɗauki sunansa.

Daga nan ƙofarsa ta zama masauƙin mutanen yamma, Hausawa da Fulani da sauransu, musamman mahajjata masu tafiyar ƙasa da guzurinsu ya ƙare. Baƙo ya samu fili ya yi noma, ya samu mai tsaya masa gaban hukuma. Da yawa sun yi ƙwadago a ginin madatsar ruwa ta Sinnar, wadda aka gama a 1925, da gonakin auduga na Jazira, suka tara abin ƙarasa hanyar Makka. Ya rasu a 1944.

Ƴan'uwa, tun 2019 jihar Maraɗi ta karɓi dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, waɗanda ƴan bindiga suka raba da gidajensu. Sadakar rana ɗaya ba ta isar mai gudun hijira. Yana buƙatar gona, da makarantar ƴaƴansa, da mai yi masa magana inda ba a san shi ba. Wannan shi ne abin da Mai Wurno ya yi, alhali shi kansa baƙo ne.

Allah Ya gafarta masa, Ya mai da kowane mai gudun hijira gida lafiya, amin.