Malam Abubakar Tafawa Balewa, Mai Rabon Faɗa

Cikin waɗanda suka fito daga Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna cikin 1938, da wuya a sami wanda ya fi Malam Abubakar Tafawa Balewa haƙuri da ƙin tashin hankali. Duk da haka shi ne ya fara aika sojan Nijeriya ƙasashen waje bayan samun mulkin kai. Ya kamata mu duba yadda waɗannan abu biyu suka zauna cikin zuciya ɗaya.

An haife shi cikin 1912 a ƙasar Bauchi. Ya shiga Kwaleji cikin 1928, ya fita cikin 1933, ya koma Midil ta Bauchi yana koyarwa. Cikin 1945 ya tafi Ingila ƙaro ilmin koyarwa, da ya komo aka zaɓe shi Majalisar Jihar Arewa, wadda a wancan lokaci take zama hayin kogi daga nan Barnawa. A can ne, cikin 1950, ya kawo shawarar a gyara mulkin En'e, ya bi ta hanyar hujja da ladabi, bai tunzura kowa ba. Cikin 1957 ya zama Firayim Minista. Don ƙin kayan halaka, cikin Janairu 1961 ya sallami jakadan Faransa saboda gwajin bam da Faransawa suka yi cikin Sahara.

To, ran 30 ga Yuni 1960 ƙasar Kwango ta sami mulkin kai daga hannun Beljiyam. Ba a daɗe ba sojanta suka yi tawaye, lardin Katanga ya ɓalle, jini ya yi ta zuba. Gwamnatin Kwango ta nemi taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Kafin ƙarshen shekara Malam Abubakar ya aika da soja da 'yan sanda, sojan suka zauna can har 1964. A wannan shekara kuma sojan Tanganyika suka yi wa Shugaba Nyerere bore, aka aika masa da bataliya guda a ƙarƙashin Yakubu Pam, ta tsare ƙasar 'yan watanni, ta komo.

In mun lura da tafiye-tafiyen nan biyu, za mu ga sharuɗɗa uku. Na ɗaya, masu ƙasa ne suka yi kira. Na biyu, an tafi da yardar taron ƙasashe. Na uku, ba a ci ko taki ɗaya na ƙasar wani ba, da aiki ya ƙare aka juyo gida. Watau ya ɗauki soja a matsayin mai rabon faɗa. Wanda ya ga ana yanka maƙwabcinsa ya naɗe hannu don wai shi ba ya son faɗa, ai ya bar wa mai wuƙa fili ke nan.

Amma hanyar tana da haɗari. Cikin 1964 aka tura soja ƙasar Tibi kwantar da tarzoma, bindigar da aka saba fitarwa waje ta shigo sha'anin gida. Ran 15 ga Janairu 1966 waɗansu hafsoshi, cikinsu har da wanda ya taɓa aiki a Kwango, suka yi juyin mulki. Aka kashe Malam Abubakar, aka kashe Yakubu Pam. A Bauchi aka binne Firayim Minista.

Mu da za mu riƙe aji gobe, dole wata rana mu shiga tsakanin yara biyu masu dambe. Sai mu tuna mai rabon faɗa ba ya rasa shan duka, kuma ba ya riƙe sanda bayan faɗa ya mutu. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.