Jibo Bakari

An haifi Jibo Bakari a shekarar 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Garinsu ɗaya da Jori Hamani, kuma ƴan uwa ne. Dukansu sun yi karatu a lakwal William Ponty ta ƙasar Sanagal, suka dawo suna koyarwa. Jibo ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas.

A 1946 aka kafa jam'iyyar PPN, reshen RDA. Da fari suna cikinta tare. Amma da RDA ta sasanta da Turawan mulki, sai Jibo ya ƙi yarda, suka rabu. A 1954 ya kafa tasa jam'iyya, wadda mutane suka raɗa wa suna Sawaba. Alamarta raƙumi, alamar RDA giwa. Direbobi, leburori da manoman gyaɗa na Maraɗi da Damagaram suka bi shi. A 1956 ya zama magajin garin Yamai, a 1957 kuma ya ci zaɓe, ya ja ragamar gwamnatin ƙasa.

Ranar 28 ga Satumba 1958, Janar de Gol ya sa aka yi ƙuri'a: ko a zauna tare da Faransa, ko a karɓi mulkin kai nan take. Jibo ya ce a jefa a'a, kamar Seku Ture na Gine. Jori ya ce a jefa i. Faransa ta turo sabon gwamna, Kolombani, ya haɗa kai da sarakuna da yawa, aka matsa wa talakawa. Wannan zaɓe bai tafi bisa adalci ba. Masu i suka samu kashi 78 cikin ɗari, Jibo ya sauka.

Gaba ta shiga har cikin gidaje. A 1959 aka hana Sawaba, Jibo ya yi gudun hijira zuwa Mali, Gana da Gine. Shi ma ya yi kuskure babba: a 1964 ya turo matasa da bindigogi. An kama su, an kashe wasu, an cika kaso da sauran.

Ya dawo gida a 1974, bayan juyin mulkin Seni Kunce, amma a 1975 aka tsare shi shekaru da dama. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, ya samu ƙuri'u kaɗan. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.