Ɗan Maraya Jos: yaron garin kuza da ya yi wa karen mota waƙa



Kwanakin baya mun saka waƙar Karen Mota a shirinmu na dare. Kafin ta ƙare waya ta fara ƙara. Direbobi sun kira, yaran mota sun kira, har da wani dattijo da ya ce rabonsa da jin ta tun yana aiki a Arlit. Amma kiran da ya tsaya mana a rai na wani matashi ne mai aiki a ramin zinariya, wanda ya tambaya ko mawaƙin sabo ne, kuma ko zai zo nan wasa. To shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo tarihin mutumin a rubuce, don wanda bai sani ba ya sani, wanda ya manta ya tuna.

Sunansa na yanka Adamu Wayya. An haife shi a shekarar 1946 a Bukuru, kusa da Jos, cikin jihar Filato ta Najeriya. Mu mutanen nan ya kamata mu fi kowa gane irin garin da ya tashi, domin Bukuru garin ma'adini ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawan Ingila suka buɗe haƙar kuza a tsaunukan Jos, mutane suka yi ta kwararowa daga Kano, Sakkwato, Katsina, Barno da sauran wurare, wasu da niyyar su yi rani ɗaya su koma gida, suka ƙare da yin ƴaƴa da jikoki a can. Lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, har da ƙarfin tsiya aka riƙa ɗibar mutane daga ƙauyuka ana kai su aikin kuza. Shekaru biyu bayan wannan aka haifi Adamu. Wato ya buɗe ido ne cikin lebura, masu abinci, masu ɗaukar kaya, direbobi da yaransu, mutanen da kowa ya baro garinsu. Duk wanda ya ga yadda uraniyum ya tara jama'a a Arlit, ko yadda zinariya ta tara mu nan tun 2014, ai ya san wannan zama.

Mahaifinsa makaɗin fada ne a gidan Sarkin Hausawan Bukuru. Ya rasu ba da daɗewa da haihuwar yaron ba, mahaifiyar ma ta bi shi tun yaron yana jariri. Sarkin ne ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan sunan Ɗan Maraya ya samo asali, ya bi shi har ya danne sunansa na gaskiya.

Yaron da ya tashi a fada, ɗan makaɗin fada, hanyarsa a shimfiɗe take: ya gaji uban, ya riƙa wasa sarki da fadawa, a ba shi riga da hatsi, ya zauna ƙarƙashin inuwar ubangida har tsufa. Haka manyan makaɗa irin su Narambaɗa suka rayu, kuma sun yi suna. Allah bai nufi Adamu da wannan hanya ba. Tun yana ƙaramin yaro ya yi tafiya zuwa Maiduguri, can ya ga masu kiɗan kuntigi, abin ya shiga ransa. Ya haɗa nasa da hannunsa, kuma daga ranar bai sake rabuwa da shi ba.

Ga wanda bai taɓa ganin kuntigi ba, ɗan ƙaramin abu ne. Gwangwanin kifi ne mai siffar ƙwai, a rufe shi da fatar akuya, a soka masa ɗan itace, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Shi ke nan. Kayan da za a tsinta a bola da wajen mahauta. Mai kiɗan yana maimaita zubi ɗaya da sauri, idan ya buɗe baki zai yi waƙa sai ya ɗan karkata kiɗan ya bi muryarsa, idan ya yi shiru ya koma kan zubin farko. Da wannan gwangwani Ɗan Maraya ya ci abinci fiye da shekara hamsin.

A nan ne aikinsa ya bambanta da na sauran. Mamman Shata yana tafe da masu kalangu da ƴan amshi. Musa Ɗanƙwairo yana tafe da ayarinsa na masu kotso. Ɗan Maraya shi kaɗai yake tsayawa. Wannan yana da daɗi ta wani wajen: ba ya buƙatar mota cike da mutane, kayan aikinsa na shiga cikin jaka, kuma abin da aka ba shi ba sai an kasa shi gida goma ba. Amma wahalar ma shi kaɗai ke ɗauka. Mawaƙi mai ƴan amshi yana samun numfashi lokacin da suke karɓa, yana ma tuno baiti na gaba. Mai kuntigi ba shi da wannan hutu. Hannu na kiɗa, baki na waƙa, ido na kallon jama'a don a ga ko sun fara gajiya. Idan murya ta dishe babu mai rufa masa asiri, idan tsirkiya ta tsinke shi ne zai gyara a gaban mutane.

Waƙar da ta fara fito da shi ita ce wadda muka saka muku, Karen Mota. Ku duba wanda ya zaɓa ya wasa. Yaron mota, wanda mu nan muke ce wa aparanti: mai kiran fasinja, mai loda kaya, mai canza taya cikin rana, mai tura mota idan ta mutu, wanda ke kwana ƙarƙashinta yana gadi. Mutum ne da ba shi da riga ko doki da zai ba mawaƙi, sunan aikin nasa ma kamar zagi ne. Ɗan Maraya ya ɗauki irin kirarin da ake yi wa masu mulki ya ɗora wa wannan yaro. Duk wanda ya taɓa hawa babbar mota daga Arlit zuwa nan, ya ga wanda ke sauka ya tone yashi ƙarƙashin taya idan ta kafe, ya san cewa waƙar ba ta tsufa ba. Ruwan da muke sha a garin nan ma, ba don waɗannan yara ba da bai iso ba.

Ta fuskar neman abinci kuma dabara ce babba. Mawaƙin sarki ubangidansa ɗaya ne, ranar da suka ɓata ko aka sauke sarkin, tukunyarsa ta sauka. Wanda ya yi wa talakawa waƙa iyayen gidansa ba su ƙirguwa. Kowa ɗan kaɗan zai bayar, amma suna ko'ina: a tasha, a kasuwa, a gidan biki, a barikin soja. Haka sana'ar take ga mai bin wasa. Babu albashi a ƙarshen wata. Yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi taron hukuma, wani makon kuma babu ko ɗaya. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da dama, yana kawo yadda fagen fama yake kamar mai sauraro yana gani. Faifai da rediyo suka ɗauki muryarsa suka tsallaka iyaka da ita, daga baya kaset ya shigar da ita kowace mota da kowane shagon mai shayi a Maraɗi, Damagaram, Tawa har zuwa nan arewa. Mu da muka tashi lokacin kaset, a bakin iyayenmu da rediyon maƙwabta muka fara jin sa.

Sai kuma ban dariya, wanda a ganinmu nan ne gwanintarsa ta fi fitowa. A waƙoƙinsa na aure, irin su Jawabin Aure, Auren Dole da Gulma Wuya, mutum ɗaya ne ke tsaye amma sai ka ji kamar gida guda ne cike da mutane. Ya yi maganar miji, ya juya ya yi ta mata, ya kawo tsohuwa mai shiga gida-gida, duk da baki ɗaya, kuntigi kuma bai tsaya ba. Wasan kwaikwayo ne ba tare da dandali ba. A Gulma Wuya ya kawo magulmaciyar unguwa da ke haɗa baki da boka, tana zuga matar aure da alkawarin miji mai kuɗi har aure ya mutu. A Auren Dole ya soki iyayen da ke ɗaura wa ƴa aure da wanda ba ta so. A Jawabin Aure ya jera wahalhalun da saki ke jawowa, ya roƙi ma'aurata su sasanta. Waɗannan maganganu ne da idan ka faɗa wa mutum kai tsaye faɗa za a yi. Shi kuwa sai ya sa a yi dariya tukuna, kowa yana nuna maƙwabcinsa, sai an koma gida mutum ya gane da shi ake.

Ta haka ya zama malami ba tare da allo ko aji ba. Ya koyar da zaman aure, ya koyar da ganin girman mai ƙaramar sana'a, ya yi nasiha kan halin ɗan Adam. Ita ma sana'ar kiɗan haka ya koye ta, haka kuma aka koya daga gare shi: da kallo, da saurare, da maimaitawa har hannu ya faɗa. Yau akwai makarantu. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya, kuma marigayi Abdallah Oumbadougou ya buɗe wa matasa wajen koyon kiɗa a Arlit. Amma har yanzu yawancin yaranmu masu jita a gindin wani suke koya, kamar yadda yaron Bukuru ya tsaya yana kallon mutanen Maiduguri.

Ɗaukaka ta zo masa. Ya yi wasa a ƙasashen waje, gwamnatin Najeriya ta ba shi lambobin girma, manya suka riƙa gayyatarsa tarukansu. Duk da haka bai bar Jos ba, bai kuma ajiye gwangwaninsa ya ɗauki wani abin kiɗa ba. Ya rasu a Jos ranar Asabar 20 ga watan Yuni 2015, cikin kwanakin farko na azumi, bayan ya yi jinya.

To me ya rage mana? Kuzar Jos ta ja baya tun shekarun 1980, kamfanoni sun tafi, sun bar ramuka cike da ruwa. Mu ma mun ga yadda aka rufe Cominak a Akokan a watan Maris na 2021, iyalai suka watse. Arzikin ƙasa yana da ranar ƙarewa. Abin da ya saura daga wancan zamani na Bukuru, wanda har yaro a Tchibarakaten zai ji ya ɗauka sabo ne, shi ne muryar marayan da ya kalli lebura da yaran mota ya ga sun isa a yi musu waƙa.

Saboda haka muna da roƙo ga jama'a. Makaɗa da masu ban dariya suna shigowa garin nan, wasu daga Agadas, wasu daga kudu, sun yi kwanaki a bayan mota. Idan kun kira su biki, ku yi ciniki tun farko, ku biya abin da kuka yi alkawari, kada a tashi wasa a ce su dawo gobe. Waƙoƙinsu muna tura wa juna a memori da salula kyauta, ko dala ba ta kai musu, to aƙalla ranar da suka tsaya gabanmu kada mu ƙwace musu guminsu. Ƴan'uwa na waje masu aiko da kuɗin biki, ku riƙa sa rabon makaɗi cikin lissafi. Iyaye kuma, idan kuka ga yaro yana ɗaura waya a gwangwani yana kaɗawa, ku sa masa ido, ku tabbatar yana zuwa makaranta, amma kada ku fasa masa gwangwanin.

Ga matashin da ya kira mu: Ɗan Maraya ba zai zo wasa ba, ƙanena, ya riga mu gidan gaskiya. Amma za mu sake saka maka waƙar, kai da duk yaran mota da ke kan hanya a daren nan.

Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, ya gafarta masa, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.